Na Bar Baban Ladi a Ngaundare

Abin da na fi tunawa da iyakar Bukula shi ne bahon nan. Wani ƙaton baho ne na ƙarfe aka girke a tsakiyar hanya, cike da ruwan magani mai warin asibiti. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya tsoma hannu, ya tsoma ƙafa, sannan jandarma ya bar shi ya wuce. Ruwan ya riga ya yi baƙi saboda ƙafafun mutane. Mijina ya tsaya yana kallonsa, can ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Maman Ladi, wannan ruwan ya fi cutar haɗari. Ki taɓa sama-sama kawai. In mun wuce mu wanke da namu."

Sunansa Bitrus, amma ban taɓa kiransa da shi ba. Baban Ladi nake ce masa, da sunan 'yarmu. Duba-gari ne a Mubi, a zamanin da muke Jihar Gongola. Aikinsa ke nan, unguwa-unguwa, yana leƙa randuna da masai da kwatami, mata suna ɓoye tukwanensu in sun hango hularsa. Ni kuma tela ce, ina da keken ɗinki a zaurenmu a Nassarawo. Tun da muka yi aure bai taɓa ɗaukar hutu ya huta ba. In an ba shi, gonar gyaɗa yake tafiya a Kwaja, wajen mahaifiyarsa. A wannan daminar ce ya ce ya gaji. Ɗan kawunsa yana aiki a bakin ruwa a Duwala, ya daɗe yana kiranmu, saboda haka zai kai ni in hau jirgin ƙasa, in ga teku da idona. Muka bar Ladi wajen kakarta.

Rediyo ya riga ya fara maganar amai da gudawa a wajen Cadi da Marwa. Baban Ladi bai ɗauki abin da wasa ba. Ya kai mu aka yi mana allurar rigakafi, aka buga mana kati. Jakarsa kuwa, rabinta ba tufafi ba ne. Akwai risho, da kananzir, da ƙaramar tukunya, da filas, da sabulu, da lemon tsami, da gishiri da sukari a ƙulle. Dokokinsa na hanya har na haddace su: ba a shan ruwan da ba shi ya tafasa ba, ba a cin abin da ya huce, ba a sayen yankakken abu, ba a musabaha. Na ce masa, "Wannan hutu za mu ko aiki?" Ya ce, "Aikin ne zai kai mu hutun."

Bayan bahon akwai wata rumfa. Wani mutum mai farar riga yana zaune a ciki da kwano da allura, yana tare fasinjoji. Ya karɓi katinmu, ya juya shi, ya ce da Fulatanci wannan na Nijeriya ne, ba ya aiki a ƙasarsu, sai an sake mana. Mutanen Mubi kowa yana taɓa Fulatanci, saboda haka mun ji shi sarai. Baban Ladi ya dubi kwanon. Allura ɗaya ce tal, da ita ake tsira wa kowa.

"Ba za ka taɓa matata da wannan ba," in ji shi.

"To ku koma inda kuka fito."

"Me kake so?"

Mutumin ya yi murmushi. Baban Ladi ya sa hannu a aljihu, aka maido mana da katinmu ba allura. Da motar ta tashi, wata mata kusa da ni ta ce wannan ba malamin asibiti ba ne, mai sayar da taba ne, da cutar ta zo ya sami farar riga.

A Garwa muka yi hutun, in dai an yi shi. Mun sauka a wani masauki kusa da kasuwa. Da safe ya kunna rishonsa a bayan ɗaki yana tafasa ruwa, masu masaukin suna leƙe suna dariya, suna ce masa likita. Ya sayi dogon burodin nan nasu mai tauri, ya ƙi mu ci sai da ya gasa shi a wuta. Ya kai ni kan gada, muka tsaya muna kallon Binuwai ta cika ta batse. Ni da na saba da mayonmu, ɗan kogin nan na Mubi, ban san ruwa yana faɗi haka ba. Wani masunci ya nuna mana kan dorina can nesa. Baban Ladi ya rantse ya gan ta, ni ban ga komai ba sai ruwa. A kasuwa ya saya mini atamfa mai ganyen shuɗi, ya ce in mun dawo in ɗinka, in sa ranar Kirsimeti. Ya yi ta dariya ranar. Ba mai yawan dariya ba ne.

Da muke komowa ta wani lungu na ga ƙofofi a rufe, an barbaɗa farar ƙasa a bakinsu. Ba sai an gaya mini ba. Na ce, "Baban Ladi, mu koma gida mana."

Ya ce, "Gida ya fi kusa da cutar. Daga arewa take gangarowa. Mu da za mu kudu, barinta muke yi a baya."

Maganarsa da hujja.

Daga Garwa zuwa Ngaundare muka shiga wata doguwar bas. Tafiya ta yi nisa, mun fara hawan dutse, ana yayyafi, sai wani tsoho a kujerar baya ya fara amai. Kafin a ce me, rigarsa ta jiƙe ta ƙasa. Warin ba irin wanda aka sani ba ne, wani ƙarni ne kamar na ɗanyen kifi. Mutane suka yi gaba a guje, suna tattake juna. Direba ya taka birki ya ce a sauke shi.

Matar da ke tare da tsohon ta miƙe. Doguwa ce, Bafulatana, da gani 'yar kasuwa ce. Daga baya na san sunanta Hajja Dudu, tsohon kuma mahaifinta ne, Malam Hammadu.

"A nan? Cikin daji, cikin ruwa?" in ji ta. "Ubana ne fa."

"Uban kowa ne ma," in ji direba. "Ba zai kashe mini fasinja ba."

Baban Ladi ya tashi. Na riƙe masa gefen riga, ya zare hannuna a hankali. Ya ce wa direba shi ma'aikacin lafiya ne, cutar ba ta bin iska, a bar masa kujerun baya, shi zai zauna da tsohon har gari, in an isa shi da kansa zai wanke motar da magani. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu suka sauka da kayansu suka tsaya jiran wata motar. A ƙarshe direba ya tofar da yawu ya tayar da mota.

"Maman Ladi, koma gaba," in ji shi. "Kar ki juyo."

Na juyo. Ya zuba gishiri da sukari cikin ruwan filas ɗinmu, ya tallafo kan tsohon a cinyarsa, yana ba shi da cokali. Tsohon ya amayar, ya sake ba shi. Haka har muka shiga Ngaundare. Aka kai Malam Hammadu inda ake kai masu cutar. Baban Ladi ya cika alkawari, ya wanke motar. Sannan ya cire tufafinsa ya ƙona su a bayan tasha, ya wanke jikinsa da sabulu da lemon tsami har fatar hannunsa ta yi fari. Ni na zuba masa ruwan. Ban ga inda ya yi kuskure ba. Na sha komawa wurin a raina, har yau ban gani ba.

Ngaundare gari ne mai sanyi da jar ƙasa. Daga nan jirgin kudu yake tashi, amma ba kullum ake samun wuri ba, sai muka kama ɗaki muna jira. Da ya samo tikiti ya kai ni tasha don in ga jirgin tukuna. Ya shafa jikin taragon da tafin hannu, ya ce, "Gobe war haka kina ciki kina cin gasasshen burodi."

Da gari ya waye na ga ya fita bayan gida, ya dawo, ya sake fita. Da ya dawo na uku ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Maman Ladi, ɗora ruwa. Gishiri kaɗan, sukari da ɗan yawa."

"Ita ce?"

"Ita ce."

Daga wannan lokacin wani abu ya rufe a cikina. Ban tsorata ba, ban yi kuka ba. Na kunna risho. Na tuna har na tsaya ina gyara lagwani saboda wutar tana ja.

Mai masaukin ya ji. Ya zo ya tsaya daga nesa da hanci a toshe, ya ce mu fita yanzu-yanzu, ya sa aka turo jakunkunanmu waje da sanda. Na tsayar da tasi, direban ya leƙo ya ga Baban Ladi a jingine da bango, ya ja motarsa. Na biyu ma haka. Wani dattijo mai amalanken itace ne ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba, ya sauke itacensa a gefen hanya, ya shimfiɗa buhu, muka kwantar da shi. Yana turawa, ni ina gefe riƙe da lema a kan fuskar mijina. Mun bi ta kusa da tashar. Jirgin yana nan, mutane suna ta hawa da kaya.

Makarantar yara ce aka mayar wurin jinya. An fitar da bencina, an jera gadaje masu rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashin kowanne. Waɗanda ba su sami gado ba suna ƙasa a kan leda. Ma'aikaciyar jinyar da ke ajin 'yar kudu ce, ba ta jin Fulatanci, ba ta jin Hausa, ni kuma ba na jin Faransanci. Tana magana ina kallon bakinta. Sai na ji an dafa kafaɗata. Hajja Dudu ce. Mahaifinta yana can ƙarshen ajin.

Ta dubi gadon, ta gane shi. Ta ce, "Innalillahi." Sannan ta zama bakina. Ta ce ma'aikaciyar tana cewa jikinsa ya bushe, ƙarin ruwa yake bukata ta jijiya, an sa masa wanda ya rage, motar da za ta kawo wani tana hanya. Kafin nan in yi ta ba shi na baki.

Na yi ta ba shi. Yana shiga yana fita. Mutum yana ƙarewa a gabanka kamar ana matse tsumma. Idanunsa suka faɗa, kumatunsa suka lotsa, yatsunsa suka yanƙwane kamar na wadda ta wuni tana wanki. Ƙafafunsa suna ɗaurewa, ina murza masa. Muryarsa ta koma wata siririya, ba tasa ba.

Kwalbar da aka rataya masa ta ƙare, motar ba ta zo ba. Na fita bakin shinge. Akwai wani mutum a wurin da jaka, yana kiran masu jinya a ɓoye. Ya buɗe ya nuna mini kwalaben ƙarin ruwa, da tambari da komai. Abin da ke hannuna bai kai yadda ya faɗa ba, sai na ɗora masa atamfar Garwa, tana cikin takardarta. Na shigo da kwalaben a rungume. Ma'aikaciyar ta ɗaga ɗaya a hasken taga, ta dubi murfin, ta buɗe ta shinshina, ta tuttular a kwata. Ta yi ta faɗa tana nuna shinge.

"Ruwan rijiya ne," in ji Hajja Dudu. "Tsofaffin kwalabe suke tsinta su cika. Da an sa masa da ya tafi nan take."

Na ce to. Ban ma fita neman mutumin ba.

Da rana ta karkata hankalinsa ya dawo sosai. Ya dube ni ya ce, "Kin wanke hannu?"

"Na wanke."

"Da sabulu?"

"Da sabulu."

"Kar ki kai bakinki." Ya huta. "Tsohon fa?"

Na waiwaya. Malam Hammadu yana zaune a gadonsa, an jingina shi da bango, 'yarsa tana ba shi kunu, yana haɗiya.

"Yana zaune. Yana shan kunu."

"Madalla." Ya lumshe ido. Can ya ce, "Gyaɗar nan ciyawa za ta cinye ta. Dada ba za ta iya ita kaɗai ba."

Dada muke ce wa mahaifiyarsa. Na ce in mun koma za mu nome. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na so a ce wata ce daban, amma ita ce.

Lokacin da ya cika ina kallon allon ajin ne. Ba a goge shi ba tun da aka sallami yara. Akwai lissafi, da wani kifi da aka zana da alli, an rubuta sunansa da Faransanci a ƙasa. Ina ta kallon kifin, ina tunanin wanda ya zana bai iya wutsiya ba. Da na sauke ido na ga cokalin yana hannuna, ruwan yana zuba ta gefen bakinsa. Ma'aikaciyar ta zo ta taɓa wuyansa, ta cire allurar daga hannunsa, ta ce mini wata kalma a hankali. Motar ƙarin ruwan ta iso kafin rana ta faɗi. Na ga ana sauke kwalaye.

Ba su ba ni shi ba. Wasu maza masu dogayen takalman roba suka zo suka fesa masa magani, suka naɗe shi a leda. Na ce wa Hajja Dudu ta gaya musu ina so in wanke shi, in sa masa rigarsa ta coci, tana cikin jaka. Ta faɗa musu. Suka girgiza kai. Jakar ma suka karɓa, suka zazzage tufafinsa a wuta. Ni kuma suka fesa mini maganin daga wuya har ƙafa, ya shiga idona yana yaji, shi ne kawai hawayen da na yi a Ngaundare.

Washegari da safe aka ɗora su a buɗaɗɗiyar mota, shi da wasu. Ba a yarda dangi su hau ba. Hajja Dudu ta bar mahaifinta wajen ƙanwarta, ta kama hannuna muka bi sawun motar da ƙafa har bayan gari. Kafin mu isa an riga an sa su. Rami ɗaya ne dogo, an zuba farar ƙasa, ana turawa da shebur. Ban san ta wane gefe yake ba. Babu fasto, babu waƙa, babu wanda ya san sunansa sai ni.

"Yi masa irin taku," in ji Hajja Dudu. "Ni zan tsaya."

Na fara addu'ar da muke yi kullum da safe, wadda ko a barci aka tashe ni zan kawo ta. Na kai tsakiya ta ɓace. Na koma farko, na sake tsayawa a wurin. Hajja ta jira, ta jira, da ta ga na yi shiru sai ta shafa fuska ta ce amin. Muka juyo.

Gidanta ta kai ni. Maƙwabta suka aiko cewa ta kawo musu annoba unguwa. Ta ce a gaya musu annobar ta riga baƙuwar zuwa, ubanta ma ita ta kwantar. Ta ba ni ɗaki, ta ware mini kwano da buta, ta ce mu ga ko cutar za ta fito a jikina. Ba ta fito ba. Ina zaune kawai. In an kawo abinci in ci, ban san ko da gishiri ko babu ba. In an ce kwanta in kwanta. Mata suna shigowa suna ce mini, "Munyal, munyal," wato in yi haƙuri, ina amsawa kamar ana gaishe ni da aiki. Hajja ta ba wani falke mai bin jirgi saƙon baki zuwa wajen ɗan kawun Baban Ladi a Duwala. Gida kuwa babu hanyar aikawa, an ce an rufe iyaka.

A kusurwar ɗakin akwai tsohon keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Wata rana na yaye zanen, na ga ya yi tsatsa. Na nemi man gyaɗa na ɗiɗɗiga masa, na gyara bel ɗin, ya tashi. Na tambayi Hajja ko akwai abin ɗinki. Ta kawo. Na ɗinke. Ta sake kawowa. Na ɗinke zannuwan gidan kaf, da rigunan jikokinta, da labule, da abin da bai yage ba ma na farke na sake. Muddin ƙafata tana kan keken ba na tunanin komai. Na kan tuna Ladi, amma kamar 'yar wasu, wadda na taɓa gani a wani gida.

Ina kan keken aka dawo da Malam Hammadu. Ya rame, yana dogara sanda. Ya ce a kawo shi wurina. Ya tsuguna a bakin ƙofa, dattijo da furfura, bai iya ɗaga ido ba.

"'Yata," in ji shi, "ni na gama nawa. Haƙorana sun zube, na aurar da jikoki. Ni ya kamata a bari a kan dutsen nan. Me ya sa ya tashi?"

Na ce, "Haka yake, Baba."

Ya fara kuka, kafaɗunsa suna rawa. Ina kallonsa. Na san ya kamata in ji wani abu, ko haushi ko tausayi, na laluba ban samu ba. Abin da na gani shi ne bakin hularsa ya farke. Na ce ya miƙo. Ya miƙo yana mamaki. Na ɗinke na mayar masa.

Da Hajja ta ga iyakar ba ta da niyyar buɗewa, ta ce zaman ya isa, akwai yarinya tana jirana. Ta haɗa ni da ƙanin mijinta mai babbar mota, ya kai ni har garin Gidar. Ta cusa mini guzuri, da wani zane nata, ta raka ni tasha. Na ce na gode. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ranar da kukan zai zo, kar ki hana shi." Ban sake ganinta ba. Ban ma san ko tana raye ba.

Mun sake bi ta Garwa, ta kan gadar. Na dubi ruwan. Ruwa ne.

Daga Gidar wata ƙaramar mota ta kai ni wani ƙauye a gindin duwatsu. A nan na sami matan da ke ratsa dutse da kaya a ka zuwa kasuwannin wajenmu. Su babu ruwansu da iyaka, gonakinsu ma rabi nan rabi can. Na ce Kwaja za ni. Babbarsu ta dube ni ta dubi jakata, ta ce, "Mijinki fa?" Na ce ya rasu. Ta ce, "Da cutar?" Na ce e. Suka yi shawara da yarensu. Ta ce in biyo su, amma in riƙa tafiya a baya, kar in sha a gorarsu. Haka muka hau. Da muka kai wani mayo suka tsallaka, ɗaya daga cikinsu ta waiwayo ta ga ruwan yana jana, ta dawo ta miƙo mini bakin sandarta.

Rana tana tsaka muka gangaro Kwaja. Gonar tana kafin gidaje. Daga sama na hango ta, ciyawa ta kai gwiwa, sai wani ɗan gefe da aka nome. Dada tana duƙe a ciki da fartanya. Ladi tana zaune a kan dutse, ita ta fara ganina. Ta taso a guje tana kiran Mama.

"Tsaya nan!" Ban san ina da murya haka ba. "Kar ki taɓa ni. Ban yi wanka ba."

Yarinyar ta tsaya cak da hannuwa a buɗe.

Dada ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ba ni ta kalla ba. Hanyar da ke bayana ta kalla, har can saman dutse inda na fito. Ta daɗe tana kallo. Matan da muka zo tare sun wuce, babu kowa a hanyar.

Hausarta irin ta tsofaffin dutse ce, mace da namiji duk kai ne a bakinta.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Dada."

"A ina?"

"Ngaundare."

Ba ta san inda ne ba. Ta maimaita sunan a hankali, ta kasa faɗarsa daidai. Mutanen gonakin kusa sun fara taruwa, amma daga nesa, wasu sun rufe hanci da gefen zane.

"Wa ya wanke shi?"

"Ba kowa. Ba su bari ba."

Ta ajiye fartanyar. Ta zo har inda nake, na ja da baya, ta kamo wuyan hannuna da hannunta mai ƙasa, ta ɗauki jakar ta ɗora a kanta. Ta wuce da ni ta tsakiyar mutanen, suna darewa. A gida ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, ta kai ni bayan ɗaki ta zaunar da ni a kan dutsen wanka. Na ce zan iya. Ba ta kula ni ba. Ta kwance mini ɗankwali, ta zuba ruwan a kaina, ta fara cuɗa ni da soso, wuya, baya, hannuwa, yatsa bayan yatsa, tsakanin yatsun ƙafa. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, ba da ni ba. Sunansa na gida nake ji yana fitowa, wanda ta sa masa kafin a yi masa baftisma.

Da ruwan ya ƙare ta ɗaura mini zanenta. Ta leƙa ta kira Ladi, wadda take tsaye a bakin zana tun ɗazu.

"Zo," in ji ta. "Yanzu taɓa shi."